Ke Ƙafa, Ni Takobi

Duk wanda ya zauna a layin su Nalukui a unguwar Kabwata ta Lusaka ya san ba a ƙwanƙwasa musu ƙofa ranar Asabar bayan an ci nshima, tuwon masararsu. Ba don ba sa son baƙi ba. Ko ka ƙwanƙwasa ma ba mai jin ka. Abin da za ka jiyo ta taga shi ne ƙarar takubba daga talabijin, da muryar mata da miji suna musu kamar gobe za a raba auren. Baƙo yakan tsaya ya ce ko a shiga a raba su, sai maƙwabta su ce, "Ƙyale su, gem suke bugawa."

A gidan gem suka fara haɗuwa. Lokacin Nalukui ba ta daɗe da zuwa daga garinsu Mongu karatun haɗa magunguna ba, shi kuma Kapembwa, mijin nata na yanzu, yana koyon aikin malanta, kuma ba wanda ya isa ya ture shi daga kujerar gaban talabijin a wani ɗan shago da ke bayan kasuwa. Ruwan sama ne ya koro ta cikin shagon. Ta ji yana cika baki, ta ce a ba ta fad, abin dannawar da ake buga wasan da shi. Ta lallasa shi a wasan dambe a gaban abokansa. Ya ce maɓallan fad ɗinsa ne suka maƙale. Suka yi musanye, ta sake lallasa shi. Har 'yarsu Sepo ta girma ta tafi jami'a a Kitwe bai yarda ba, cewa yake yi ranar da zazzaɓi ya tashi.

Wasannin da suka buga tare ba sa ƙirguwa, amma kowa da nasa na zuciya, kuma ba sa kiran su da sunan da ke jikin kwali, nasu suka raɗa musu. Na Kapembwa shi ne Ramin Gishiri. Wani mayaƙi ne aka jefa can ƙasan tsohuwar mahaƙa, sai ya nemi hanyar fita da takobinsa. Wasa ne marar imani. Kuskure ɗaya, ka mutu, a mayar da kai baya.

"Dubi nan, Maman Sepo," yakan ce, yana nuna talabijin da haɓa. "Ba kibiya, ba rubutu, ba wanda ya ce miki bi nan. Amma kin ga ɗan hasken can a jikin bango? Idonki da kansa zai kai ki. Wanda ya tsara wannan ya ɗauke ni mai hankali."

"Ya ɗauke ka jaki dai. Tun ɗazu dodo ɗaya ke kashe ka, kana komawa farko kana godiya."

"Ai kafin ya kawo sara sai sarƙar ƙafarsa ta yi ƙara. Ya gaya mini yana zuwa. In na mutu, laifina ne. Wasan da ba ya hukunta mutum ba wasa ba ne, renon jariri ne."

Nata kuwa Mai Fito suke ce masa. Wata mata ce mai kwale-kwale, tana haye da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Shi ke nan. Amma Nalukui ta girma inda ruwa ke cinye fadama duk damina, a kwale-kwale ta je firamare, kuma ta rantse wanda ya tsara wasan ya taɓa riƙe filafili. Kafin idonka ya ga igiyar ruwa, fad zai fara ɗan rawa a tafin hannunka. In ka yi tuƙi a natse, fasinja ya saki jiki ya ba ka labarin abin da zai kai shi ƙetare. In ka girgiza shi, ya kama bakin jirgi ya yi gum har ku isa.

"Wasan barci," in ji Kapembwa. "Ba a mutuwa, ba a cin kowa. Shiga bas ɗin Kabwata ya fi shi tashin hankali."

"Kai komai sai da jini."

"Ke kuma komai sai da tsohuwa mai akuya."

A haka suka yi shekaru, ba wanda ya ja ɗan uwansa zuwa gefensa, ba kuma wanda ya so a ce ya ja ɗin.

Hatsarin ya faru ne a kan hanyar Kafue, yana dawowa daga jana'izar wani abokin aikinsa. Tayar ƙaramar bas ta fashe, motar ta kwanta a gefen titi, hannunsa na hagu ya matse tsakanin kujera da ƙarfe. Likitoci sun ceci hannun, amma babban yatsa da biyun da ke bin sa suka daina jin magana. Yana kallon su, yana umartar su, su kuwa kamar na wani.

Kowa ya ce an auna arziki, ita ma ta ce. A asibiti shi ke ba masu dubiya dariya. Da ya samu sauƙi ya koma makaranta ya ci gaba da koyar da labarin ƙasa, tunda da dama yake riƙe alli. Ranar Asabar ce kawai ta mutu. Da an ci abinci sai ya ɗauki rediyo ya fita gindin mangwaro. Nalukui ta rufe na'urar gem da ƙyalle saboda ƙura, ba ta kuma ce masa komai ba. Ta ce a ranta, ciwon da ba a nuna maka ba, ba ka sa masa yatsa.

Wata Asabar ta dawo daga kantin magani da wuri. Tun daga ƙofa ta jiyo ɗigar ruwan nan da Ramin Gishiri ke farawa da ita. Ta tsaya a bakin falo bai gan ta ba. Ya ɗora fad a kan cinyarsa, hannun dama yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Wasan kuwa hannu biyu yake so a lokaci guda: hagu ya yi tafiya ya ɗaga garkuwa, dama ya yi sara. In ya yi tafiya ba sara, in ya yi sara ƙafa ta tsaya. Ta ga ya shiga shafin gyare-gyare yana dubawa, sama da ƙasa, ya sake komawa sama. Akwai wurin ƙara sauti, akwai wurin ƙara haske. Babu wurin sauya aikin maɓalli. Ya koma cikin wasan. Wani ɗan ƙaramin halitta mai kama da ɓera, wanda da ko ido rufe yake kashe shi, ya zo ya gama da mayaƙin.

Ya kashe talabijin. A baƙin gilashin ya hango ta tsaye.

"In Sepo ta zo hutu ta tafi da shi," ya ce bai juyo ba. "Ko ki ba 'ya'yan yayanki."

"Baban Sepo..."

"Akwai sauran kapenta? Yunwa nake ji."

Ta soya masa kifin, ya ci kaɗan. Na'urar kuwa ba ta ba kowa ba.

Ranar Laraba da yamma yakan je asibiti gashin hannu. Sai ta gyara aikinta yadda za ta kasance a gida a lokacin. Da ya fita sai ta ɗauko ɗankwali ta naɗe hannunta na hagu tam, ta zube faya-fayan wasanninsu a kan tabarma, ta riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya. Abin da take nema ɗaya ne: wanne ne zai bar mai hannu ɗaya ya shiga? Waɗanda suka ƙi ta tura su gefen hagu, waɗanda suka yarda gefen dama. Na hagu suka yi tsibi. Wasannin da ta yi shekaru tana yabo, sai ga shi sun rufe mata ƙofa tun daga matakin farko. Wani kuma da suka saya suka yar, sai ta tarar an yi masa tanadin da ba ta taɓa lura da shi ba. Ta ji kunya, kamar wadda ta daɗe tana shiga wani gida ba ta taɓa ganin tsayin dakalinsa ba sai ranar da ta zo da gurgu.

Wata Laraba mai yi masa gashin ba ta zo aiki ba, ya dawo da wuri. Ya turo ƙofa ya same ta zaune a ƙasa, hannu a naɗe, fad a cinya, ta ciji leɓe.

Ya daɗe yana kallon ɗankwalin.

"Haka nake a idonki?"

"Tsaya ka ji..."

"Har kwaikwayona ake yi a gidana? Kira maƙwabta mana su zo su taya ki kallo."

Muryarsa ba ta tashi ba, da ta tashi ma da ya fi mata sauƙi. Ta yi ƙoƙarin kwance ɗankwalin, kullin ya ƙi, da haƙori ta ɗaure shi. Hawaye ya zo mata, na haushi.

"Kai ka san ni da wannan halin? Shekara nawa? Kana can gindin mangwaro da rediyonka, ni ina nan da bango. Ka ɗauka kai kaɗai ka yi asara? Ni ma an ƙwace mini abokin faɗa. Ba wanda ya ce mini wasana na barci ne tun da ka dawo daga asibiti. Nema nake yi in ga ko akwai ƙofa, shi ke nan. Kuma ba zan gane ba da hannu biyu."

Ya dubi tsibin hagu, ya dubi ɗan na dama. Sannan ya durƙusa a gabanta, ya kama kullin da hannunsa mai lafiya, ita ta riƙe ɗaya bakin, suka kwance shi tare. Yatsunta sun yi sanyi sun kumbura. Ya murza su a hankali har jini ya dawo.

"Ke da kike ba mutane magani," ya ce, "ba ki san ba a ɗaure hannu haka ba?"

"Zauna in nuna maka wani abu."

Da ya ga faifan da ta ɗauko sai ya ja tsaki. "Haba, Maman Sepo. Ban isa haka lalacewa ba."

"Zauna, malam."

A shafin gyare-gyaren Mai Fito akwai hoton fad, kuma kowane aiki kana iya ɗauke shi ka kai inda kake so. Har da wani layi da ke tattara komai a gefe guda, dama ko hagu. Ta danna, ta ɗora masa fad a cinya. Ya karɓa yana ɓata rai kamar mai shan maɗaci.

Fasinjarsa ta farko tsohuwar nan ce mai akuya. Ya tuƙa jirgin kamar mai kai hari. Fad ya yi rawa yana gargaɗi, bai kula ba, ya shiga igiyar ruwa da gefe. Kwale-kwale ya kife. Ya zauna yana jiran allon mutuwa, bai zo ba. Tsohuwa ta fito daga ruwa ta matse zanenta, ta jawo akuya da ƙaho, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon mai jirgi. Akuyar ta yi atishawa.

Dariyar ta kubce masa ba shiri. Ya yi ta har da buga cinya, har ya share ido da bayan hannu. Nalukui ta tashi ta shiga kicin wai za ta ɗora ruwan shayi, ta tsaya a can ta jingina da bango tana saurare.

Da ta dawo ya riga ya haye da tsohuwar, tana ba shi labarin ɗanta da za ta kai wa akuyar. Ya koma shafin nan mai hoton fad ya tsaya a kai.

"Wanda ya yi wannan," ya ce, "ko dai yana da irina a gidansu, ko kuwa ya zauna ya yi tunanin mutumin da bai taɓa gani ba. Ban san wanne ya fi ba. Amma rubutun ya yi ƙanƙanta. Kuma kiɗan nan, sarewa ɗaya tun safe? Ba su da ganga a garinsu?"

"Kiɗan ruwa ne, ba na fagen yaƙi ba."

"Kiɗan jana'iza dai."

Asabar ta dawo, amma da ɗingishi. Yana buga Mai Fito, har ya san fasinjojin da suna, sai dai takan kama shi yana satar kallon kwalin Ramin Gishiri. Wata rana ya ɗauko shi yana jujjuyawa.

"Na kare wasan nan a gaban kowa," ya ce. "Na ce adali ne, in ka mutu laifinka ne. To yanzu mene ne laifina? Sun yi tunanin ƙarar sarƙa, sun yi tunanin inda haske zai faɗa, ba su yi tunanin hannu yana iya mutuwa ba. Ashe ba ni yake girmamawa ba, yatsuna yake girmamawa. Wasan banza."

"A'a, kul. Ni kaɗai ke da izinin zagin wasan nan a gidan nan."

"Yau kuma?"

"Sun yi kuskure babba, ban hana ba. Amma wanda ya gina gida mai kyau ya manta ƙofa ɗaya, ba a ce bai iya gini ba. Matso. Ni hagu, kai dama."

Ya dube ta bai gane ba. Ta zauna a hagunsa ta manne da shi, ta kama rabin fad da hannunta na hagu, ta miƙa masa ɗaya rabin. Hannunsa mai ciwo ya rasa wurin zama a tsakaninsu, sai ya zagaya da shi ta bayan kafaɗarta.

"Ke ƙafa ke nan," ya ce a hankali, "ni takobi."

"Da garkuwa. Kar ka raina ni."

Ranar farko abin ba kyan gani. Mayaƙin ya riƙa tafiya kamar wanda ya kwana a gidan giya.

"Dama! Dama!"

"Damata ko ta talabijin?"

"Ai ɗaya ce, baiwar Allah! Kin jefa mu rami!"

"To wa ya ce ka sari bango?"

In dodo ya taso ita gudu take so, shi tsayawa. Sai ƙafa ta juya baya, takobi yana saran iska. Maƙwabciyarsu da ke shanya a tsakar gida ta jiyo ihun, ta ɗaga hannu sama ta ce an gode wa Ubangiji, gidan malam ya warke.

Sannu a hankali kunnenta ya buɗe. Ta fara jin sarƙar nan da ya yi shekaru yana faɗa mata, ta ga lallai ba ƙarya yake ba: gajeriyar ƙara sara daga sama, doguwa kuma shara daga gefe. Yatsanta ya koyi kaucewa kafin ta yi tunani. Shi ma ya ga abin da bai taɓa gani ba, don ita ba ta wuce lungu ba ta leƙa ba. A wani kwana da ya sha wucewa a guje, ta shigar da su wani ɗan kogo. Ba dukiya a ciki, ba maƙiyi. Dutse ne kawai mai kama da kujera, da ruwa mai ɗiga, da zanen jirgin ruwa da wani mahaƙi ya yi a bango da gawayi.

"Wannan yana nan tun da?" in ji shi.

"A'a, jiya da ka fita suka zo suka gina."

Suka bar mayaƙin ya zauna a kan dutsen, su ma suka huta, ta miƙa masa gyaɗa a baki tunda hannunsa na kan fad.

Wasu Asabar ɗin a ɗauke wuta suna tsakiyar faɗa, su zauna suna kallon juna. Wasu kuma su mutu a wuri ɗaya har rana ta yi sanyi. Hannunsa dai bai dawo ba. Mai gashin ta gaya musu gaskiya, abin da ya samu shi ne zai samu. Asabar na zuwa shi ya fara zama, ya buga kujera gefensa.

Kafin damina ta kankama sun daina yi wa juna ihu. Ba ta bukatar ya ce komai. Tana jin kafaɗarsa ta ɗaure ta san zai kai sara, sai ta matsa da mayaƙin taku ɗaya gaba. Yana jin ta ja numfashi ya san garkuwa za ta tashi, sai ya jira.

A haka suka iso dodon ƙarshe, wani makaho mai gudumar gishiri wanda Kapembwa bai taɓa kayarwa ba ko lokacin da yake da hannu biyu. Ya ci su ranar, ya ci su Asabar ta gaba. A ta bayanta, hadari ya haɗu a gabas, garin ya yi lumshi, suka shiga ba wanda ya yi magana. Ta kauce, ya sara. Ta ja baya, ta zagaya, ya sara. Jinin mayaƙinsu saura ƙiris. Gudumar ta ɗaga, Nalukui ta ji kafaɗarsa ta ɗaure, maimakon ta gudu sai ta kutsa ƙarƙashin hannun dodon. Takobi ya shige. Dodon ya durƙusa, ya rushe kamar tulin gishiri a ruwa.

Ba su yi ihu ba. Ita dai ta ji hannun nan da ke bayan kafaɗarta ya matse ta da 'yan yatsu biyun da suka rage masa.

Wata ƙofa ta buɗe a bayan inda dodon ya faɗi. Matakala ce doguwa, ta miƙe sama, can ƙarshenta ɗan farin haske. Mayaƙin ya mayar da takobi kube da kansa. Kapembwa ya danna maɓallin sara, shiru. Ya danna na biyu, shiru.

"Sun sallame ni daga aiki," ya ce. "Saura tafiya kawai. Naki ne."

Ya saki rabinsa, ta karɓi fad ɗin duka. Ta fara hawa. Ba kiɗa, sai takun ƙafa da numfashin mayaƙin, sai kuma wata iska da ta fara kaɗa rigarsa. Bangon da ya kasance fari fat tun farkon wasan ya fara nuna gansakuka, sannan saiwoyi.

"Kin ga abin da suka yi?" Ya rage murya kamar a coci. "Duk wahalar nan, sun san in suka sa ko ɓera ɗaya a nan sun ɓata komai. Wurin da ya fi kyau a wasan, kuma ba ni da abin yi a cikinsa." Ya ɗan jira. "Ɗan ƙara sauri mana."

"Ƙafata ce."

Ta ƙara rage tafiyar. Ya kwantar da kansa a jikin nata, suka hau a haka har hasken ya cika talabijin, ciyawa ta bayyana, da tsuntsaye a nesa.

Sunayen waɗanda suka yi wasan suka fara hawa allo. Ta kai hannu za ta wuce su, ya ce ta bari. Ya gyara zama ya shiga karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, yana karya sunayen mutanen ƙasashen da bai taɓa zuwa ba.

"Me kake nema a ciki?"

"Wanda ya manta da ni, in san sunansa. Da wanda ya yi matakalar nan, in gode masa." Ya karanta wasu biyu. "Tsorona kar a ce mutum ɗaya ne."

Ruwa ya fara buga kwanon rufi. Ta tuna da shanyarta, ta zabura ta fita. Ya biyo ta da kwando a hannun dama, yana ce mata ta fara da rigunansa na makaranta, tana ce masa ai sai ya zo ya cire da kansa.